Sunan da Tasalla Ta Ƙi Faɗa

Alƙali ya sake maimaita tambayar, amma Tasalla mai fura ba ta ɗago kai ba. Mansur, lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, ya ji gumi na bin bayansa, ga fanka na ta juyawa a kotun nan ta Funtua kamar ba ta yi.

Ba don tsohuwar nan ba, da babu shari'ar ma. Ita ta tako da ƙafarta har ofishin 'yan sanda ana tsakiyar cirar auduga, ta ce akwai 'yan mata 'yan cirani daga Nijar a kulle cikin wani sito a bayan gari. An yaudaro su da aikin gona, ashe Libiya za a kai su ta Agadas. Da aka fasa ƙofar an sami wasu, amma mota ta riga ta tafi da sauran, har da wata Zaituna, wadda ƙanwarta ke zaune yanzu a bencin baya tana kuka ba sauti.

Mutum ɗaya ya san inda aka ajiye waɗanda suka tafi: Alhaji Zaharaddeen, dillalin hatsi da ya tashi a gidan kawunsa a Malumfashi. In laifi ya tabbata a kansa, dole bakinsa ya buɗe don neman sassauci. In aka sallame shi, Zaituna ta tafi ke nan.

'Yan matan da aka ceto ba su taɓa ganin fuskarsa ba, yaransa ne ke shige da fice. Tasalla kaɗai ake bari ta shiga da ƙwaryarta, ita kaɗai ta gan shi tsaye yana ba da umarni. Ta faɗa wa kotu komai tiryan-tiryan, daga kwaɗon ƙofa har launin motar. Sai dai duk inda labari ya biyo ta kansa, "mutumin" take cewa, ko "shi wannan". Wajen da yake zaune kuwa ko da wasa ba ta kalla ba.

Mansur ya ɗauka tsoro ne. Ya sa an ajiye mata ɗan sanda a ƙofar gida, ya rarrashe ta har ya gaji, duk a banza. Haushi ya ishe shi. Mace ta kawo ka har bakin rijiya, sannan ta riƙe guga!

Shi kuwa Alhaji yana zaune cikin farar shaddarsa, hankali kwance kamar mai jiran a kawo masa shayi. Ya raɗa wa lauyansa wata magana, lauyan ya miƙe.

"Ya mai shari'a, 'mutumin' ba suna ba ne. Funtua cike take da mutane. Ta kalle shi ta faɗi sunansa, in har ta san shi. Iyakar roƙonmu ke nan."

Alƙali ya cire tabarau ya dube ta. "Inna, in ba ki faɗa ba, ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Yau zai koma gida."

Tasalla ta murɗe bakin mayafinta. Daga bencin baya kukan ƙanwar Zaituna ya ƙwace mata, wata mata ta rufe mata baki. Mansur ya fara tattara takardunsa, zuciyarsa ta riga ta karaya.

Sai tsohuwar ta juya a hankali, ta sauke idonta a kan Alhajin.

"Zaharaddeen," ta ce. "Shi ne."

Murmushin Alhaji ya ɗauke. Ya yunƙura zai miƙe, sai ya koma ya zauna yana kallonta baki buɗe.

Alƙali ya gama rubutu, ya ɗago. "Inna, tunda kin san sunan, me ya sa kika wahalar da kotu haka?"

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ɗana ne na fari, ranka ya daɗe. Tun da na haife shi, yau na fara kiran sunansa."