Katin Abarshi Ya Cika

Abarshi manomi ne a Randagi, kuma dukiyarsa a duniya bijimai biyu ce, Ja da Gunduma. Shekara shida ya yi yana tara kuɗin gyaɗa kafin ya saye su. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi. Aibinsa ɗaya ne, yana son a ce da shi ya iya.

A wata shekara, ana nan ana kashe fam da sule, wani kanti a Birnin Gwari ya fito da sabon salo. Za a ba ka jan kati, ka riƙa ɗibar kaya bashi, sai kaka ka biya. A bayan katin akwai gida ɗari. Duk kayan sule goma da ka ɗauka, akawu ya buga maka hatimi a gida ɗaya. Ran da gidajen suka cika, rediyo kyauta.

Abarshi ya ga rediyon a kan kanta, ya ji ta tana magana, zuciyarsa ta tafi.

Akawun ya ce, "Malam Abarshi, sai dai akwai jingina. Me kake da shi?"

"Bijimai biyu, ƙosassu!"

Aka rubuta a takarda, ya dangwala yatsa. Bai ce a karanta masa ba, don kada a ce baƙauye ne.

Da ya koma gida ya nuna wa matarsa Hauwa'u. Ta juya katin gaba da baya, ta ce, "Maigida, mu da sayayyarmu ba ta wuce gishiri da kananzir, yaushe za mu cika gida ɗari? Kuma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Mai kanti ɗan uwanka ne da zai ba ka rediyo don Allah?"

"Ke dai ki zuba ido," in ji shi. "Dabara gare ni."

Dabarar ita ce, ya bi maƙwabta gida gida yana cewa duk mai son kaya a kanti ya zo ya ɗauka da katinsa, in kaka ta yi a ba shi kuɗin ya kai. Su sun sami bashi ba jingina, shi ya sami hatimi. Wa zai ƙi? Ƙasimu ya ɗauki kwanon rufi har bandir guda. Solomon, mai amyar zuma a bakin daji, ya ɗauki fitila da atamfa biyu. Masu biki suka ɗauki kwanuka, masu suna suka ɗauki sabulu. Duk ranar kasuwa Abarshi na gaba a kan keke, jama'a na biye, ana ta kiransa uban tafiya, shi kuwa sai washe baki yake yi.

Kafin dawa ta fitar da kai, kati ya cika. Ya ɗauro rediyo a bayan keke, tun daga rafi ake jin ta. Mako guda ƙofar gidansa ba masaka tsinke. Ya dubi Hauwa'u ya ce, "To, ina zancen zomo?" Ta ci gaba da tankaɗenta.

Sai ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta yi ƙwaya kamar ba ta yi ba. Abarshi ya fara zagayen karɓar kuɗi. Wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce ai shi bai roƙa ba, kiransa aka yi. Ƙasimu kuwa ya riga ya tafi ci rani, ya bar sabon rufi yana ƙyalli. Solomon ne kaɗai ya zo da kansa, da garwar zuma biyu a ka, ya ce, "Ɗan'uwa, abin da daji ya ba ni ke nan, ka sayar ka rage." Da zumar da ɗan abin da ya tsinta wurin wasu, da ƙyar ya haɗa fam goma sha biyu cikin hamsin.

Ya je kanti yana lissafa wa akawu sunayen waɗanda suka ɗauki kaya. Akawun ya buɗe takarda ya juyo masa ita.

"Malam Abarshi, yatsan wa ke nan?"

"Nawa ne."

"To, mu shi muka sani."

Abarshi ya ce zai mayar da rediyon. Aka ce kyauta ce, ba a karɓar ta, kuma ko sabuwa ce kuɗinta fam shida. Da mai kanti ya kai ƙara gaban alƙali, takardar nan aka karanta, wannan karon da ƙarfi, kowa na ji. Ran Laraba aka zo aka kwance Ja da Gunduma daga turke. Hauwa'u, wadda take ba su dusa kullum, ta shige ɗaki tana kuka. Kukan nan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Batirin rediyo ya ƙare tun kafin bazara, babu kuɗin wani. Da damina ta faɗi, Abarshi ya saɓa garmar hannu ya nufi gona. A hanya ya hango wani yana huɗa da bijimai biyu. Bai san sa'ad da bakinsa ya ce "Gunduma!" ba. Bijimin ya tsaya cak ya waiwayo, har sai da mai shi ya ɗaga bulala.

Jama'a, kyautar da sai ka ci bashi ake ba ka ita ba kyauta ba ce, kai ka saye ta da tsada. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kuma kada ka ɗauki bashin wani da sunanka.