Billen Auta

Kai da kake cewa hoto in dai ya fito tas shi ke nan, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela a Yawuri.

Ƙaninsa, autan gidansu, kwale-kwale ne ya kife da shi a kogi. Ba a ga gawa ba, wayarsa ma tare suka tafi. Da ma shi ba mai tsayawa gaban mai hoto ba ne, saboda haka abu ɗaya tak ya rage na kamanninsa a duniya: wasan ƙwallo a tsohuwar kwamfutarsa, inda ya ɓata kwanaki yana ƙera ɗan wasa mai fuskarsa sak, har da wushiryarsa da siririn billen da ke kumatunsa. Telan bai san kan wasa ba, amma kullum bayan la'asar sai ya rufe keken ɗinki, ya kunna wasan, ya sa ƙaninsa gudu a fili, ya zuba masa ido. Sai dai kwamfutar ta kwana biyu. Da zarar ɗan wasan ya ɗaga ƙafa sai hoton ya riƙa sarƙewa, ya tafi ya tsaya kamar mai ɗingishi. Abin ya ƙona wa telan rai, don Auta da ransa ba a cim masa a guje. Wani mai gyara ya nuna masa dabara. Akwai wurin da ake taɓawa, sai na'urar ta daina wahalar zana komai da komai, ta zana kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ta cike da kintace daga irin fuskokin da ta saba gani. Ya kuma ja masa kunne cewa iya gudun da ka ƙara, iya abin da za ta kintata. To amma ka san tela da ɗinkin jajibirin Sallah, in dai za a gama to a gama. Ya ƙara gudun har ƙarshensa.

Nan take Auta ya miƙe da gudu, hoto sumul, ba gargada. Abu ɗaya ne ya riƙa tayar wa telan tsigar jiki: duk inda ɗan wasan ya juya, wata inuwa dishi-dishi tana biye da shi taku ɗaya a baya, sai ka ce wani ne ke son riƙo shi ya kasa. Mai gyara ya ce ba komai ba ne, ragowar hoton da ya wuce ne. A kwana a tashi ya saba. Shekara guda cur yana kallon fuskar nan. Ita ke zuwa masa in an ambaci Auta, ita ke gabansa in ya ɗaga hannu yana roƙa masa gafara.

Rannan mahaifiyarsu ta zo daga ƙauye, ta ce a nuna mata abin nan da aka ce ɗanta yana ciki. Telan ya kunna da murnarsa, ya matso mata da fuskar. Tsohuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Wannan ɗan waye?”

“Inna, Auta ne mana.”

“Ina billensa? A gabana wanzami ya tsaga shi.”

Ashe na'urar ta ɗauki siririn layin nan a matsayin datti ta share, ta toshe wushiryar, ta ɗan miƙe hancin yadda ta ga ya fi dacewa. Telan ya buɗe baki zai ce ai ga inda billen yake, sai ya rasa ko a dama yake ko a hagu. Tsoro ya kama shi. Nan da nan ya mayar da abin yadda yake a da. Hoton ya koma ɗingishinsa, inuwar nan ta ɓace, fuska ta fito da bille da wushirya. Tsohuwa ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana kiran “Autana”, hawaye na zuba. Shi kuwa telan ya duba, ya sake dubawa, ya nemi ƙaninsa a fuskar nan bai same shi ba. Baƙo yake gani. Wanda zuciyarsa ta riƙe, wanda ya shekara yana kewa yana yi wa addu'a, wani ne da ba a taɓa haifa ba. Ya rufe ido ya kira Auta a ransa da dukan ƙarfinsa, mai sumul ɗin kumatun nan ne ya juyo yana masa murmushi.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, kama da wane ba wane ba ne.