Sallayar Hantsi

Da kofin ya tarwatse a tsakar falo, haƙurinta ya ƙare.

"Jaka kuka samu a gidan nan?" ta daka wa yaran tsawa. "Tun asuba ban ajiye ƙafa ba. Wanki ni, guga ni, neman takalmin da kuka wurgar ma ni. Babanku ya saka hula ya fice, wai Allah ya saka mini. Addu'ar tasa ce za ta wanke tukwane?"

Su ukun suka raɓe a jikin bango. Tana shara tana zazzaga faɗa.

Babbar, 'yar shekara takwas, ta sulale ɗaki, ta dawo da sallaya ta shimfiɗa a gabanta.

"Mama, hau."

"Ke, azahar ko kusa ba ta yi ba."

"Na sani," in ji yarinyar, kanta a sunkuye. "A kanta kaɗai kike zama. Ba za mu kira ki ba."

Uwar ta tsaya sororo da tsintsiya a hannu. Ashe sun daɗe da sanin cewa dogon tasbihin da take ja bayan sallama, rabinsa gyangyaɗi ne.