Ruwan Da Ba Ya Komawa Gurbinsa

Tafkin da ke tsakanin fararen tuddan yashin da iska ke turawa ya ƙafe, saura taɓo. Valdeci masunci ya tsaya a bakinsa, ya kasa haɗa ido da Dalvina. Jakar tafiya birnin São Luís tana kafaɗarta.

"Ki zauna mu yi aure," ya ce. "Na ciro bukkata, na kafa ta inda yashi bai kai ba."

"Bai kai ba tukuna. Haka Baba ya gaya wa Inna. Ga bishiyar yazawarta can, yashi ya binne ta, kanta kawai ya rage a waje."

"Damina na tafe, Dalvina. Ruwan zai dawo."

Idanunta suka ciko da ƙwalla.

"Kai da aka haifa a nan? Ka taɓa ganin ya dawo inda ya bari?"

Valdeci ya dubi taɓon tafkin. Bai taɓa gani ba.