Harsashin da Babu Irinsa

Kwanson harsashi ɗaya aka tsinta a ciyawa, kusa da inda bijimin Orval Stenvik ya faɗi matacce, an harbe shi. Kafin Sherif Wendell, shugaban 'yan sandan yankin, ya gama juya shi a tafin hannunsa, duk wanda ke tsaye a wurin ya san na wane ne.

A yankinmu na Montana, a Amurka, kowa yana da bindiga, amma mutum ɗaya ne yake da harsashin kansa. Delbert Haugen ba ya sayen na kanti. Kwanson tagulla na babban harsashi ake ɗauka, a gasa wuyansa a wuta ya yi laushi, a matse shi kaɗan-kaɗan har ya kama siririyar dalma, a tayar masa da kafaɗa yadda babu bindigar da za ta karɓe shi sai wadda aka ƙera dominsa. Ya raɗa masa suna Haugen Ashirin da Biyar. Ko ɗansa na fari bai sha irin kirarin da harsashin nan ya sha ba.

Kullum da safe a shagon shan kofi sai ya cika mana kunne. "Ku da kuke sayen na kwali me kuka sani? In ka matse shi lokaci guda wuyan ya tsage, ka yi asarar tagulla. Lallashinsa ake yi!" Yana faɗa yana nuni da yatsunsa masu tsabta kamar na fasto. Maƙwabcinsa Orval yakan zauna a gefe, ya rungumi kofi da hannayensa masu tabon ƙuna, ya kau da kai. Mu dai mun ɗauka hassada ce ke cin sa.

Gaskiya harsashin ya cancanci yabo, don daga nesa mai nisa yake kayar da barewa. Delbert kuma yana ji da sirrinsa. Ɗakin aikinsa kullum a kulle yake, waɗanda suka leƙa ta taga sun ce injin matse kwanson yana ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga mota. Idan ya yi harbi, ko a dusar ƙanƙara kwanson ya faɗa sai ya durƙusa ya tono abinsa.

Akwai idon ruwa a gonar Delbert, dab da shingen da ya raba ta da gonar Orval. Orval ya yi shekaru yana roƙon a bar masa shi, domin da rani shanunsa sai sun sha tafiya kafin su ga ruwa. Delbert ya ce gadon mahaifinsa ne, ba ya taɓuwa.

Bijimin kuwa tsoho ne, ga ɗingishi, ya daina amfanar kowa. Amma ranar Orval ya tsaya a kansa da hula a hannu, sai ka ce ɗan'uwansa aka kashe.

Sherif ya sami Delbert a barandar gidansa. Ya ajiye kwanson a kan tebur, ya zauna ba tare da an ce masa bismilla ba.

"Del, tun ina ɗan yaro na san ka, ba na son in kai ka gaban alƙali. In aka je can, bindigar nan ta tafi, farauta ta haramta gare ka, wataƙila har ka ɗanɗana gidan yari. Ka taimake ni. Akwai wanda ka taɓa ba wa kwansonka?"

Delbert ya dubi kwanson. Ya ɗaga kai ya dubi hanya, inda rabin mutanen shagon kofi suka jingina da motocinsu, wai sun zo duba shinge.

"Ko akwai wanda ya iya yin irinsa? Suna ɗaya kawai za ka faɗa, in tashi in ba ka wuri."

Na tausaya wa Delbert ranar. Can ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji.

"Wendell, kai ma ka san amsa. Duk faɗin ƙasar nan babu hannun da ya iya wannan aikin sai nawa."

Sherif ya girgiza kai, ya mayar da kwanson aljihu.

Orval ne ya nuna dattaku. Ya ce shi ba ya son ganin maƙwabci a kotu, tsufa ne, ido yakan ɗauki bijimi a matsayin barewa. A matsar da shinge kawai, idon ruwan ya dawo ɓangarensa, magana ta mutu. Garin ya yi ta yabonsa. Delbert da kansa ya riƙe turaku ana kafawa, yana kallon shanun wani suna tsoma baki a ruwan mahaifinsa. Da aka gama, Orval ya miƙa masa hannu. "Ba komai, maƙwabci. Sunanka yana nan yadda ka bar shi."

Daga kakar shekarar nan Delbert ya rataye bindigar a bango, ya ce kafaɗarsa ke ciwo. Muka ce nadama ce, wasu har suka ƙara ganin girmansa.

A lokacin mutum biyu ne kacal suka san Delbert bai taɓa matse wuyan kwanso ko ɗaya ba a rayuwarsa: shi kansa, da wanda yake kai wa kwansunan a ɓoye ya sake cika masa, wato Orval mai bijimin, wanda yar da kwanso ɗaya a ciyawa ba zai yi masa wuya ba.