Kiran da ban yi wa Baba ba

Wani malami Ba'indiye ne ya koya wa Baba biriji, kartar da mutum huɗu ke yi bibbiyu. Wata Asabar da la'asar, a zaurenmu na Daura, mutum ɗaya bai zo ba, sai Baba ya zaunar da ni abokin wasansa.

Manyan kati suka cika mini hannu. Na san ƙa'ida: mai irin wannan hannu yakan yi kiran da dole abokinsa ya amsa. Amma ni, ɗan fari, in tilasta wa Baba magana gaban baƙi? Sai na ce na wuce, wato ban yi kira ba. Kowa ya wuce.

Da aka baje kartar, ya daɗe yana kallon tawa.

"Ai da ka kira ni, da na amsa," in ji shi.

Kunyar nan ba ta sake ni ba, don har ya rasu ban koyi kiransa ba.