Mai Fiton da Ya Ce Kansa Ke Ciwo

Ka ce kana neman likitan da za ka kai wa wannan nauyin zuciya, Sallau, amma sai wanda ya san gidanku. To, gyara zama ka ji misalin wani mai fito.

Shekara talatin mutumin nan yana ƙetarar da jama'a gulbi a kwalekwale. Ranar kasuwa kunnensa ba ya hutawa, kowa ya shigo da kayansa da labarinsa. Sai aka gina gada. 'Ya'yansa suka tafi birni neman abinci, matarsa kuwa ta riga shi gidan gaskiya. Da hantsi sai ya zauna a bakin ruwa, motoci na wucewa ta samansa, babu mai ce masa sannu. Tuwo ya daina shiga, barci ya ƙaurace masa. In maƙwabci ya yi sallama a zaure, sai ya yi lamo a ɗaki har mutumin ya gaji ya tafi. Wani lokaci yakan zura wa ruwan ido, ya ji da ma ya tafi da shi.

Da abin ya tsananta, ya shirya ya nufi birni wurin wani babban likita, ɗan amininsa. Likitan ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me ke damunka?" Mai fito ya dubi wanda ya taɓa ɗauka a kafaɗa. Ta yaya zai ce wa wanda yake tamkar ɗan cikinsa ya gaji da duniya? Ya ce, "Kaina ne ke sarawa." Aka auna jini, aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ya koma gida da maganin ciwon kai, da kuma abin da ya kai shi. Sau uku yana zuwa, sau uku yana cewa kai ne. Likitan ba shi da laifi, inda aka nuna masa nan ya duba.

A zuwa na uku, ya fito ya zauna a benci shi kaɗai, ya kasa tashi. Wata dattijuwa mai sharar asibitin ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda, ta ce can ake duba masu ciwon damuwa. Ya san abin da mutane ke faɗa a kan masu shiga ɗakin nan. Ya yi ta jujjuya hularsa a hannu. Can ya ce a ransa, ai a can babu wanda ya san sunan ubansa. Ya shiga.

Ya tarar da wata likita da bai taɓa gani ba. Ta ajiye alƙalami, ta ce, "Baba, duk abin da ka faɗa a nan amana ne. Yaushe rabon da ka ji daɗin wani abu?" Ya laluba baya, ya rasa ranar. Sai hawaye. Ya faɗi komai, har zancen ruwan nan. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ciwo ne kamar kowane ciwo, yana jin magani, sai dai a hankali. Ta rubuta masa magani, ta sa masa ranar dawowa, ta nemi izininsa ta kira babbar 'yarsa.

Bai warke rana ɗaya ba, kaɗaicin ma bai gama sakinsa ba. Amma kafin damina ta ɗauke, an gan shi a kasuwa yana cinikin goro, har da gardama.

Saboda haka, kada sanayya ko girman suna su zaɓa maka. Nemi wanda ya san wannan ciwon, kuma bakinka zai iya buɗewa a gabansa. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.